Ranar Rigakafin Bisashe: Wa Ke Fara Shiga Shinge, Kuma Don Me?



Duk shekara idan aka buɗe aikin rigakafin bisashe, akwai tambayar da nake sha daga Ƙonni har Illela: "Likita, mu muka riga zuwa, don me aka fara da wasu?" Wani kuma ya ce: "Don me kuka je wancan gari kafin ku zo namu?" Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, na yi shekaru ina bin garuruwa da rugage a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela, da akwatin ƙanƙara a bayan babur. Tambayar tana kan hanya, kuma ta cancanci cikakkiyar amsa. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, allura mai kyau tana iya zama ruwan banza idan aka yi abin da ya kamata a yi daga baya tun da farko. Don haka zan bayyana yadda ake jera aikin, daga kwalba ɗaya zuwa yini ɗaya, daga yini zuwa shekara.

Ranar da na zubar da magani

A shekarata ta biyu da fara aiki, an tura mu wani ƙauye a gefen kwarin Magiya. Mun isa wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe. Aka ce mana shanu na tafe. Na hango ƙura daga gabas, sai na ce ga su nan. Don in nuna zafin nama, na haɗa kwalba biyu ta rigakafin ciwon huhu, kowace ta shanu 50. Da ƙurar ta iso, ashe shanu goma sha biyar ne kawai. Sauran garken suna rijiya, domin ranar shayarwarsu ce, kuma babu wanda ya tambayi masu su lokacin da ake sa rana.

Ba su iso ba sai gab da azahar. Wani dattijo ya dubi kwalaben ya ce: "Ɗana, ai ruwan na nan bai ƙare ba, soka musu mana." Na ce: "Baba, ruwan na nan, amma ƙarfinsa ya tafi. In na soka musu, za ka tafi da su kana ganin sun tsira, alhali ba su da kariya." Na zubar da sauran, na buɗe sababbi daga kason gari na gaba. A ƙarshen mako magani ya gaza a gari na ƙarshe. Kafin a kawo wani, rabin garkensu sun riga sun yi kudu ba allura. Kuskuren minti biyar da na yi a wani gari, mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba suka biya shi.

Kwalba tana da agogonta

A aikin rigakafin kyauta da gwamnati ke yi kowace shekara, manyan cututtukan da ake tarewa su ne ciwon huhu na shanu, da annobar tumaki da awaki da likitoci ke kira PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, sai kuma wata cutar raƙuma. Allurar huhu da ta PPR duka ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ana busar da ita a cikin ƙaramar kwalba, ta zama kamar dunƙulen garin madara. LABOCEL, babban ɗakin binciken lafiyar dabbobi da ke Yamai, yana cikin masu sarrafa ta. Daga Yamai zuwa Ƙonni ya fi kilomita 400, kuma duk tsawon hanyar dole ta kasance cikin sanyi. A firjin ma'aikata ana riƙe ta tsakanin digiri 2 da 8, ko ƙasa da haka.

Muddin tana bushe kuma cikin sanyi, tana iya jira. Da zarar an zuba mata ruwan haɗi, agogo ya fara tafiya. Mu a aikace ba ma yarda haɗaɗɗiyar kwalba ta wuce awa biyu, ta ciwon huhu kuwa gara a ƙare ta cikin awa ɗaya. Hasken rana da zafi suna ƙara gajarta wannan lokaci. Kwalba ɗaya kan ɗauki allurar dabba 50 ko 100, kuma ba a haɗa rabi a ajiye rabi.

Daga nan doka ta farko ta fito: ba a haɗa kwalba sai an ga bisashen da za su cinye ta tsaye a wurin, an ƙirga su. Idan kun ga likita ya iso ya zauna bai buɗe akwati ba, ba lalaci ba ne. Yana jiran adadi ya cika.

Inda aiki ke maƙalewa

Aikin ranar rigakafi mataki biyar ne: a tara garke, a rubuta sunan mai shi da adadi, a tura bisashe cikin lungun shinge, a soka allura, a fitar da su ta ƙofar da ba za su gauraya da waɗanda ba a yi wa ba. Soka allura ita ce mafi sauri. Abin da ke cin lokaci shi ne tura shanu cikin lungu da riƙe su.

Makiyayi ya san wannan tun daga rijiya. Ko shanu dubu ne suka taru, ruwan da za a samu a awa ɗaya bai wuce abin da guga ke fitarwa ba. Haka yake a masana'antar siminti irin wadda muke da ita a Malbaza: ana fasa dutse, a niƙa, a gasa a tanderu, a sake niƙawa, a zuba a buhu. Ko an ƙara masu ɗinke buhu goma, simintin da zai fita ba zai wuce abin da tanderu ya gasa ba. Kowane aiki yana da wurin da ya fi ƙunci, kuma shi ke yanke saurin sauran.

A wurinmu lungun shinge ne. Ƙara masu allura ba ya amfani idan lungu na zama wayam tsakanin garke da garke. Abin da ke amfani shi ne samari masu ƙarfi shida ko takwas da suka saba da shanu, da garke na gaba a tsaye a bakin ƙofa tun kafin na ciki ya fita, da mai rubutu da ya gama aikinsa tun a waje. Duk minti goma da lungu ya yi babu saniya, an ci su ne daga ran kwalbar da ke hannuna. A garin da shingensa ya karye, ko babu shi sam, kamu da igiya kan ninka lokacin aiki. Gyaran shinge kuwa aikin mako guda kafin ranar ne, ba na safiyar ranar ba.

Wa ke fara shiga

"Wanda ya riga zuwa shi ke fara sha" doka ce mai sauƙi, kuma muna bin ta idan garkuna sun yi kusan daidai. Amma akwai abubuwa huɗu da ke gabanta.

Na farko, mara lafiya ba ya shiga layi. Saniya mai tari da numfashi da ƙyar, ko akuya mai majina da zawo, a tsayar da ita nesa, a inuwa. Rigakafi ba ya warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma cusa ta cikin shinge hanya ce ta raba cutar ga kowa. Muna duba irin waɗannan a ƙarshe, bayan lafiyayyu sun watse, don kada hannunmu da kayanmu su ɗauki cuta zuwa gare su. Haka ƴan maruƙa da ba su kai wata shida ba, da ƴan awaki da ƴan tumaki da ba su kai wata uku ba, a ware su tun daga gida, a rubuta adadinsu don zagaye na gaba.

Na biyu, mai wa'adi yana gaba. Garken da zai tashi gobe, ko wanda ya taho daga nesa kuma dole ya kai ruwa kafin rana ta take, idan aka bar shi a baya zai tafi ba allura. Na gari yana nan ko da yamma.

Na uku, ƙaramin garke kafin babba. Wannan ita ce ta fi jawo gardama, don haka bari mu yi lissafi. A ce lungu na ɗaukar shanu 100 a awa ɗaya. Ga mutum uku: mai shanu 200, mai 50, da mai 25. Idan aka fara da mai 200, mai 50 zai jira minti 120, mai 25 ya jira minti 150. Jimillar jira minti 270 ke nan. Idan aka juya, aka fara da mai 25, mai 50 zai jira minti 15 kawai, mai 200 ya jira minti 45. Jimilla minti 60. Ta kowace hanya aikin zai ƙare cikin awa biyu da minti 45, amma a hanya ta biyu mutum biyu sun tafi kiwo da wuri, kuma cunkoson bakin shinge ya ragu. Masana lissafi a Amurka sun tabbatar da wannan doka tun shekarun 1950, kuma masana'antu da yawa suna aiki da ita.

Na san abin da mai babban garke zai ce: "To ni kullum ni ne na ƙarshe?" Yana da gaskiya idan aka tara kowa tun asuba. Maganin abin shi ne a ba shi lokacinsa. A ce masa ya zo ƙarfe tara, ya shayar da shanunsa tukuna. Zai iso ya tarar da lungu na jiransa. Kuma ku lura da lissafin da ke sama: shanu 275 ne, kwalba ta shida za ta rage allura 25. Da ƙungiya ta san adadin tun jiya, da ta kira maƙwabcin da ke da shanu ashirin ya cike gurbin.

Na huɗu, iri ɗaya a jere. Allurar shanu dabam, ta tumaki da awaki dabam, kowace da sirinjinta. Idan ana tsalle daga saniya zuwa akuya a koma saniya, kwalba biyu ne a buɗe lokaci guda, kowace agogonta na tafiya, ga kuma haɗarin kuskure. Shanu da sassafe, lokacin da gari ke da sanyi. Tumaki da awaki ba sa buƙatar lungu, don haka idan muna da ma'aikata biyu, ɗaya na iya yi musu a cikin gari a daidai wannan lokaci. Sai dai a tuna, yawancin awakin gari na mata ne, kuma makiyayin gari kan kora su daji da safe. Idan ba a sanar da mata tun jiya cewa su riƙe awakinsu a gida ba, za mu tarar da turaku babu kowa. Na sha ganin an sanar da maza a masallaci da kasuwa, labari bai shiga cikin gidaje ba.

Akwai kuma ƴar tsagar da ake yi a kunnen tunkiya ko akuyar da aka yi wa allurar PPR. Amfaninta shi ne a gane wadda aka yi wa, domin allurar tana kare dabba shekaru, ba sai an maimaita mata kowace shekara ba. Ta huhu ce ake maimaitawa duk shekara. Wanda ke da shakka kan tsagar saboda layya ko kasuwa, ya kawo maganar a taron ƙungiya, a tambayi malaman gari kafin ranar. Bakin shinge, da kwalba a haɗe, ba wurin muhawara ba ne.

Wane gari kafin wane

Yankinmu mashiga ce. Da damana garkuna da yawa kan haura arewa, wajen Abalak da Cintabaradan, wasu har Ingal don lasar gishiri. Bayan girbi su gangaro, su jira ranar da hukuma za ta saki gonaki, su ci kara da harawar da ta rage. Daga nan wasu su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Sakkwato da gaba. Tsakanin dawowa da ƙetarewa akwai ƴan makonni, kuma a cikinsu ne ake samun garke a wuri ɗaya.

Jikin dabba yana buƙatar mako biyu zuwa uku bayan allura kafin kariya ta kafu. Saniyar da aka yi wa yau ta shiga cunkoson mashaya gobe, kamar ba a yi mata ba ce tukuna. Shi ya sa rugagen da ke shirin tafiya suke gaba a jadawali, ko da garin da ke zaune ya fi su kusa da ofishinmu. Ga kuma takardar ƙetare iyaka da kiwo, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita a 1998: ana rubuta adadin bisashe da rigakafin da aka yi musu a cikinta. Wanda ya makara da allura ya makara da takarda.

Bayan wannan muna duba wasu abubuwa. Ba ma sa wa gari rana a ranar kasuwar da mutanensa ke ci, ko ta Badagishiri ce, ko ta Gidan Idar, ko ta Ƙonni, domin masu riƙe shanu duk suna can. A wajen Galmi da Dogarawa, da filayen noman rani na Ƙonni, muna tambayar kwanakin dashen albasa da ban ruwa. Muna tambayar ranar shayarwa, darasin da na koya da tsada. Muna lissafin ƙanƙara: garin da ya fi nisa daga firji ana zuwa masa da sabuwar ƙanƙara, a biyo ta na kusa a hanyar dawowa. Sannan jadawali mai kyau yana barin rana ɗaya a mako babu kowa a cikinta. Babur kan lalace, ana yin rasuwa a gari, magani kan makara. Idan babu wannan rana, jinkirin gari ɗaya zai ture duk waɗanda ke bayansa.

Jerin ayyukan shekara

Abin da ya shafi yini ɗaya ya shafi shekara. Ga jerin da nake ba ƙungiyoyin da nake aiki da su.

Da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, a ba da maganin tsutsar ciki, don dabba ta shiga rani ba tare da masu cin rabonta ba. A lokacin ne kuma harawa, dusa da angurya suka fi araha, sai ƙungiya ta sayi abin ajiya.

Da ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ya fi dacewa da allurar huhu da ta PPR ke nan. Bisashe na da sauran jiki, kuma sanyin gari na taimakon kwalba. Dabbar da yunwa ta rame a watan Afrilu ko Mayu, ga zafin da ke haura digiri 40, jikinta ba ya karɓar allura yadda ya kamata.

Kafin ruwan farko, a wuraren da aka san ciwon saifa ko harbin daji na ɓulla, a yi rigakafinsu. Ku tuntuɓi ma'aikatar kiwo ko likitan dabbobi mai zaman kansa na yankinku da wuri, don a san adadi da kuɗin da za a tanada.

Da damana, bayan ciyawa ta fito da ƴan makonni, a sake ba da maganin tsutsa.

Mai kiwon ragon layya kuwa, daga ranar salla zai ƙirgo baya. Salla na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka lissafin bara ba ya yi wa bana. Rigakafi da maganin tsutsa a farkon turka ake yin su, ba a ƙarshe ba. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono, kuma an rubuta su a jikin kwalba.

Abu ɗaya da ake yawan kuskurewa: kada a yi wa saniya allurar kashe ƙwayoyin cuta, irin oksitetrasiklin da ake sayarwa a kasuwa, a kwanakin da ke gab da rigakafin huhu ko na saifa, ko jim kaɗan bayansa. Maganin na iya kashe ƙwayar rigakafin kafin ta yi aikinta. Idan kun riga kun yi, ku faɗa wa likita, ya sa muku wata rana. Sabuwar dabba daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu ko uku kafin ta shiga garke.

Abin da ake nema ya fi garke ɗaya

Dattawanmu sun san bushiya da yadda take share ruga. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma da rigakafi aka yi, gari bayan gari. PPR, wadda aka fara ganowa a Kodebuwa a 1942, ita ce ake bi yanzu. A taron Abijan na 2015 ƙasashe suka sa 2030 a matsayin shekarar gamawa da ita. Hakan ba zai yiwu ba sai mafi yawan tumaki da awaki, wajen bakwai ko takwas cikin kowane goma, sun samu kariya ta gaske. Akuyar da aka soka wa mataccen magani tana cikin lissafin takarda, amma cuta ba ta karanta takarda.

Abin da ƙungiya za ta yi

Mako biyu kafin ranar, ku ƙirga bisashen kowane gida da kowace ruga, shanu dabam, tumaki da awaki dabam, ku kai wa ma'aikatan kiwo adadin. Ku faɗa musu ranar kasuwarku, ranar shayarwa, da garkunan da ke shirin tashi. Mako ɗaya kafin ranar, ku gyara shinge, ku zaɓi samarin da za su riƙe shanu, da mutum ɗaya mai rubutu. Ku zauna da ardo da mai gari ku jera garkuna, kowa ya san lokacinsa. Ku sa shugabar ƙungiyar mata ta bi gida-gida da sanarwa. Ranar aiki, ku tanadi inuwa don akwatin ƙanƙara, ku ware marasa lafiya, kuma bayan an gama ku rubuta waɗanda ba su samu ba. Idan saniya ta yi kumburi mai girma a wurin allurar huhu bayan ƴan kwanaki, ku kira likita da wuri, yana da magani.

Na koma ƙauyen nan na gefen Magiya bayan shekara guda. Wannan karon mun tambayi ranar shayarwa, kuma dattijon da ya ce in soka musu shi ne ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa yana kiran garkuna ɗaya bayan ɗaya. Mun gama kafin ƙarfe goma sha ɗaya, kuma kwalba ta ƙarshe ta ƙare a kan saniya ta ƙarshe.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba mu damana mai albarka.